Makaɗin da ya rubuta wa ɗansa littafi



Shekara shida ke nan ina kaɗa piyano a ƙungiyar mawaƙan matasa. Talata da Alhamis koyon waƙa, Asabar biki ko jana'iza, Lahadi sujada biyu. Wani dare na dawo gida wajen ƙarfe goma, na tarar ɗana mai shekara biyar ya yi barci a kan tabarma. Tun la'asar yake jirana, don na yi masa alkawari zan nuna masa yadda ake taɓa piyano. Matata ta dube ni ta ce, "Maigida, duk ikilisiya ta san hannunka, ɗanka ne kaɗai bai sani ba." Na ce ai aikin Allah nake yi. Ba ta amsa ba, ni kuma ban samu barci ba.

A daren nan na tuna da Johann Sebastian Bach, makaɗin ƙasar Jamus wanda dattijon da ya koya mini piyano yake yawan ba ni labarinsa. An haife shi a 1685 a garin Eisenach. Kafin ya cika shekara 10 ya rasa uwa da uba, sai wansa ya ɗauke shi, ya ci gaba da koya masa kiɗa. Daga 1723 har rasuwarsa ranar 28 ga Yuli, 1750, shi ne shugaban mawaƙa a majami'ar Toma ta birnin Leipzig. A shekarunsa na farko a can, kusan kowane mako yakan shirya sabuwar waƙa domin sujadar Lahadi. A ƙarshen waƙoƙinsa da yawa yakan rubuta haruffa uku, S.D.G., ma'ana ɗaukaka ta Allah ce shi kaɗai.

Wannan ɓangaren na daɗe da saninsa, har ina fahariya da shi. Labarin gidansa ne ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba. Allah ya ba shi 'ya'ya 20, goma daga cikinsu sun rasu tun suna ƙanana. A 1720 ya yi tafiya tare da yariman da yake yi wa aiki, ya dawo ya tarar matarsa ta fari, Maria Barbara, ta rasu har an binne ta. Ya san zafin rashin kasancewa a gida a ranar da ake bukatarsa.

Duk da yawan aikin da ke kansa, a farkon wannan shekarar ta 1720 ya zauna ya fara rubuta wa babban ɗansa, mai shekara tara, littafin koyon kiɗa da hannunsa, tun daga yadda ake karanta alamomi. Ya kuma shirya wa matarsa ta biyu, Anna Magdalena, wadda mawaƙiya ce, littattafai biyu, a 1722 da 1725. Iyalinsa sukan taya shi kwafe waƙoƙi, sukan kuma yi kiɗa da waƙa tare a gida. Huɗu cikin 'ya'yansa maza sun zama sanannun makaɗa.

Na ji kunya. Mutumin da aikinsa ya ninka nawa sau ɗari ya samu lokacin koya wa yaro ɗora yatsu, ni kuwa ina fakewa da hidima. Gaskiyar ita ce, a majami'a ana tafa mini, a gida kuwa babu mai tafi. Manzo Bulus ya yi kashedi mai zafi a 1 Timoti 5:8 a kan wanda ba ya kula da mutanen gidansa, kuma bai cire masu kiɗa daga ciki ba.

Na je na gaya wa shugaban mawaƙanmu cewa daga yanzu Alhamis ta gida ce. Bai ji daɗi ba da farko, amma wata ƙanwarmu ta karɓi piyanon ranar, kuma tana ƙoƙari sosai. Ɗana ya iya layi ɗaya na waƙa yanzu, da yatsa ɗaya, da kuskure biyu.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wa ke jiranka a gida yau? Wa ke jiranki? Ubangiji ya taimake mu mu yi amfani da baiwarmu inda babu mai tafi. Amin.