Aljani Ne Ko Inji? Waiwaye Kan Finafinan Almarar Kimiyya

A ƙarshen shekarun 1980, muna samari, akwai wata rumfar zana a Kwanar Ɗangora ta ƙasar Ƙiru inda ake kunna janareta bayan sallar isha'i, a biya 'yan kwabbai a kalli bidiyo. Wani dare aka sa mana Terminator, fim ɗin 1984 na jarumin nan da muke kira Kwamanda. Da aka zo wurin da wuta ta cinye naman jikinsa, ƙwarangwal ɗin ƙarfe ya miƙe ya ci gaba da tafiya, sai wani dattijo mai shayi da ya leƙo ya ce, "A'uzu billahi, wannan aljani ne." Wani yaron mota ya ce, "Baba, ai inji ne, mutum ne ya ƙera shi." Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "To, yaro, in mutum ne, don me zai ƙera abin da ya fi ƙarfinsa?"

Mun yi dariya a daren. Sai da muka girma muka fara riƙe alƙalami sannan muka gane cewa tambayar dattijon nan ita ce ginshiƙin wannan fanni gaba ɗayansa. A Ruwan Bagaja ko Ganɗoki abin mamaki yakan fito ne daga aljanu da tsafi, ba wanda zai tsaya tambayar yadda aka yi. A almarar kimiyya kuwa, abin mamakin daga hannun ɗan Adam yake fitowa, saboda haka in ya ɓaci akwai wanda za a tuhuma.

In mai karatu ya bi tarihin waɗannan finafinai zai ga kowane zamani abin da ke damun mutanensa yake ɗauka. A 1902 wani Bafaranshe, Georges Méliès, wanda asalinsa mai wasan rufa-ido ne, ya yi ɗan gajeren fim na tafiya duniyar wata, inda aka harba masana a cikin wani ƙaton harsashi ya je ya soki wata a ido. Lokacin ana cikin ɗokin ƙere-ƙere ne, shi ya sa fim ɗin raha ne zalla. Zuwa 1927 ɗokin ya fara gaurayuwa da tsoro, sai ga Fritz Lang a Jamus da Metropolis: attajirai a saman dogayen benaye, ma'aikata a ƙarƙashin ƙasa suna bauta wa injuna, har aka ƙera mutum-mutumi mai siffar mace don a ruɗe su.

Bayan yaƙin duniya na biyu tsoron ya koma kan bam ɗin nukiliya. A watan Maris na 1954 Amurka ta gwada wani bam a tsibirin Bikini, tokarsa ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan. Kafin shekarar ta ƙare Japanawa sun fitar da Godzilla, dodon da gwajin bam ya taso daga ƙarƙashin teku ya tattake Tokiyo. Mutanen da aka jefa wa bam a Hiroshima da Nagasaki a 1945 ba su buƙaci wani ya fassara musu ma'anar dodon ba. A 1968 Stanley Kubrick ya yi 2001: A Space Odyssey, inda kwamfutar kumbo ta yanke shawarar hallaka matuƙan da aka sa ta yi wa hidima. Star Wars na 1977 ya fi kusa da tatsuniyarmu, don ga gimbiya, ga takobi, ga mugun sarki, sai dai a sararin samaniya. A 1999 kuma The Matrix ya zo da duniyar da injuna suka kwantar da mutane barci suna nuna musu mafarki a matsayin rayuwa.

To, mu muna ina duk tsawon wannan lokaci? Ba mu yi nisa ba kamar yadda ake zato. A 1960 Faransa ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Sahara, hankalin jama'a ya tashi kan abin da iskar hunturu za ta kwaso mana, har Nijeriya ta katse hulɗa da Faransa a Janairun 1961. Lokacin da John Glenn ya kewaya duniya sau uku a Fabrairun 1962, ɗaya daga cikin tashoshin da ke bibiyar kumbonsa a Kano take. A 1969 kuwa, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sararin sama, Kolin Koliyo, ya ɗauka ya yi yawo da shi. Ashe tun a wancan lokaci an share mana fage da harshenmu, mu ne ba mu shiga ba.

Da littattafan soyayya suka bunƙasa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980, sannan finafinan bidiyo suka biyo baya da Turmin Danya a 1990, hankalinmu ya tafi wani wuri. Ba mu raina wannan aiki ba, don shi ya koya wa dubban mata da matasa son karatu. Amma ba za a ce jama'armu ba sa son almarar kimiyya ba. Duk wanda ya ga yadda yara suka haddace Jadu na fim ɗin Indiya Koi Mil Gaya na 2003 ya san akwai masu jira. Uzurin da aka saba kawowa shi ne kuɗi da na'urori. Méliès da zanen kyalle da tsayar da kyamara ya kai mutane wata. A 2009 wata 'yar Kenya, Wanuri Kahiu, ta yi Pumzi, ɗan fim na kimanin minti ashirin kan zamanin da ruwa ya ƙare. Balle mu marubuta, da jarinmu biro ne da takarda.

Kayan aikin ma a ƙofar gidanmu suke. Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 ya tare Kogin Kano, ya tashi ƙauyuka daga mazauninsu, ya mayar da Kadawa da Kura ƙasar shinkafa da tumatir, alhali can ƙasa wajen Haɗeja da Nguru ambaliyar da fadamu suka dogara da ita ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. A Agustan 1988 dam ɗin Bagauda ya ɓalle, mutanen Bebeji ba su manta ba. A Riruwai ta Doguwa ga ramukan kuza da aka haƙa a cikin dutse aka watsar. Ga dajin Falgore tsakanin Tudun Wada da Doguwa, gatari na cinsa kullum. Duk waɗannan aikin hannun mutum ne, kuma kowannensu yana da amfani yana da ɓarna. Yaya Tiga za ta kasance a 2074 in laka ta cika ta? Wa zai mallaki ruwan, wa zai saya, wa zai yi hijira?

Dole mu faɗi laifinmu a nan. Mun taɓa fara irin wannan labari, na wata yarinya 'yar masunta da ta gano ruwan Tiga na janyewa cikin dare. Mun yi babi shida lafiya lau. A na bakwai, da ya zama tilas mu bayyana dalili, sai muka tarar ba mu san yadda ake buɗe ƙofofin dam ba, ba mu san inda ruwan ke bi ba, kuma girman kai ya hana mu zuwa mu tambayi ma'aikatan wurin, ga su nan kusa da mu. Sai muka kawo boka ya ce aljanar ruwa ce ta yi fushi. Daga nan labarin ya mutu a hannunmu, don mun ɗauke laifi daga kan mutum mun ɗora wa wadda ba za a iya kai ta gaban alƙali ba. Har yau rubutun yana cikin akwati.

Shawararmu ga 'yan'uwa masu tasowa ita ce, kafin ku ƙago na'urar gobe ku je ku fahimci ta yau. Ku zauna da injiniyan ruwa, da malamin gona, da bakanike, da tsohon leburan kuza, ku yi tambaya kamar ɗalibai, domin matambayi ba ya ɓata. Mu ma mun ɗaura niyyar ciro namu daga akwati mu koma Tiga da littafin rubutu a hannu. Dattijon mai shayi ya daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙansa, amma har yanzu yana binmu bashin amsa.