Muryar Baba a Cikin Memori



Abin da Baba ya bar mini, Allah ya jiƙansa, shi ne muryarsa ta minti 11 a cikin memori. Yana zaune a zaurenmu na Taura, yana ba ƙannena labarin shekarar da ambaliya ta cinye masa shinkafa. Sai dai duk sanda na kunna a 'yar MP3 ɗina, wani gurnani ne ke danne maganarsa.

Ranar kasuwar Gujungu na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya kwance ta, ya nuna mini wani ɗan baƙin abu da ake kira DAC, mai mayar da lambobin memori su zama sautin da sifika ke fitarwa. Ya ce, "Yaro, wannan lafiyarsa ƙalau, wutar da ke shigarsa ce ba ta tacewa." Ya cire kafasito biyu da suka kumbura, ya liƙa sababbi, ya hana ni kunna ta tana jone da caja. Gurnanin ya ɗauke.

Amma akwai inda iska ta buso, sunan gonar ya ɓace. Na roƙe shi ya ƙara taɓawa. Ya girgiza kai. "Abin da ba a naɗa ba, babu gyaran da zai dawo da shi."

Daren nan na zauna gaban Inna da biro da littafi. Ita ta faɗa mini sunan, har da wanda ya sayar masa da gonar. Ba mu tashi ba sai da na cika shafi shida.