Ƙashi Ya Haɗe, Saura Tsoka

A wannan makon mu 'yan aji biyu na ƙungiyar 'yan jarida aka ba wa wannan ɓangare na allo, kuma mun zaɓi mu yi magana a kan abin da ke biyo bayan karaya.

A garuruwanmu na Tudun Wada da Doguwa da Kiru da Bebeji, karaya ba baƙuwa ba ce. Wani ya faɗo daga bishiyar mangwaro, wani babur ya kayar da shi ranar kasuwa, wani amalanke ta taka shi, wani kuma hatsari ya rutsa da shi a hanyar Kano zuwa Jos da ta ratsa dajin Falgore. Idan abin ya faru kowa zai tashi tsaye. A kai mutum wurin mai ɗori ko asibiti, a yi ta zuwa dubiya da fura da lemo. Ranar da aka kwance ɗauri sai a ce alhamdu lillahi, ya warke, kowa ya koma harkarsa. To a nan ne muke da magana, domin a ranar ƙashi ne ya haɗe, tsoka kuwa da sauranta.

Mun ga haka da idonmu a ajinmu. A zangon karatu na farko wani abokinmu ya karye a ƙwauri, aka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe tun 1959. Ya yi mako takwas da ɗauri daga cinya har tafin ƙafa. Da aka cire, muka je gaishe shi, muka tarar ƙafar ta rame kamar sandar rake, ɗayar kuwa tana nan da kaurinta. Ya yi ƙoƙarin miƙewa, gwiwar ta lanƙwashe. A tsakar gida wasu suka fara cewa ƙafar ta shanye, wasu suka ce hannun mutane ne. Shi kuma ya juya fuska bango, ya ce mana ya daina makaranta, don ba zai yarda a riƙa kiransa gurgu ba. Wannan magana ta tayar mana da hankali ƙwarai, domin duk ajin babu wanda ya kai shi lissafi.

Da ya koma asibiti aka tura shi sashen gashi. Likitan gashi ya yi masa bayani, shi kuma ya kawo mana, malaminmu na kimiyya ya ƙara mana haske. Babban mutum yana da ƙasusuwa 206, amma tsokokinsa sun haura 600, kuma su ne ke jan ƙashi ya motsa. Tsoka tana rayuwa ne da aiki. Idan aka ajiye ta makonni ba motsi sai ta ƙanƙance, kamar yadda fartanya ke tsatsa idan ta yi rani a jingine. Wato ƙafar abokinmu zaman banza ne ya ramar da ita, kuma aiki ne zai dawo da ita.

Abin da ya fi burge mu shi ne, likitocin gashi suna ba tsoka maki kamar jarrabawa, daga 0 zuwa 5. Sifili shi ne babu motsi ko kaɗan. Maki 1, ana ganin tsokar tana ɗan harbawa amma gaɓar ba ta motsa ba. Maki 2, gaɓar tana motsi idan an tallafe nauyinta. Maki 3, mutum yana ɗaga ta sama da kansa. Maki 4, yana ɗagawa ko da likita ya ɗan danne. Maki 5 shi ne cikakken ƙarfi. Cinyar abokinmu ta ci 3. Muka ce masa, wanda ya saba cin tamanin a lissafi ai ba zai zauna a kan 3 ba.

Mun kuma gane cewa ƙarfi daban, juriya daban. Wanda ya ciccibi buhun masara ya ɗora a kan babur sau ɗaya, ƙarfi ya nuna. Wanda ya kama huɗa tun hantsi har azahar, ko yarinyar da ta daka gero turmi bayan turmi, juriya suka nuna. Ko a cikin tsokar ma akwai zaruruwa iri biyu: masu saurin aiki da ƙarfi amma su gaji da wuri, da masu aiki a hankali su daɗe ba su gaji ba. Mai jinya yana buƙatar duka biyun. Da ƙarfi zai tashi daga tabarma ko ya hau matakala, da juriya zai taka daga gida zuwa makaranta ya dawo.

Wannan ilimi yana da tarihi. A 1945, ƙarshen yaƙin duniya na biyu, wani likitan sojan Amurka mai suna Thomas DeLorme ya nuna cewa sojojin da suka ji rauni sun fi saurin komawa daidai idan aka sa su ɗaga nauyi ana ƙara shi kaɗan-kaɗan. Ya bayyana cewa nauyi mai yawa da ake ɗagawa sau kaɗan yana gina ƙarfi, nauyi kaɗan da ake ɗagawa sau da yawa kuma yana gina juriya. Har yau masu gashi suna aiki da wannan ka'ida.

Ita aka ɗora abokinmu a kai. Da farko yana zaune ne ya miƙe ƙafa, a sa naɗaɗɗen zane ƙarƙashin gwiwa, ya danna ya ƙirga biyar, ya saki. Bayan haka ya koma ɗaga ƙafar a miƙe, sau goma-goma har zagaye uku. Da likita ya ba da izini, aka zuba yashi a tsohuwar safa aka ɗaura masa a idon sawu. Aka fara da rabin kilo, aka koma kilo ɗaya. Mai shagon unguwarsu ne yake auna mana yashin a sikelinsa. Babu injin da aka saya, babu allurar da aka yi.

Mu aikinmu ƙirga ne. Muka raba kwanaki, kullum bayan la'asar mutum biyu su je gidansu, ɗaya ya ƙirga, ɗaya ya rubuta a bayan littafi, sannan mu kwafar masa darasin ranar. Akwai ranakun da yake jefar da safar ya ce ya gaji, babu abin da ke canzawa. Sai mu buɗe littafin mu nuna masa cewa makon jiya sau shida ya iya, yau kuwa ya yi goma. Ta fannin juriya, ya fara da zuwa ƙofar gida da sanduna biyu, sai masallacin unguwa, sai bakin famfon tuƙa-tuƙa, sai sanda ɗaya. Sannu sannu ba ta hana zuwa. A zango na biyu ya shigo aji da ƙafarsa, yana ɗan ɗingishi. Yanzu cinyarsa ta ci 4, kuma likita bai yarda ya koma ƙwallo ba tukuna.

Ba masu karaya kaɗai wannan ya shafa ba. Kusan kowace unguwa akwai dattijo ko dattijuwa da hawan jini ya jawo wa shanyewar ɓarin jiki. Saboda tausayi sai a kwantar da su, a riƙa yi musu komai, har kofin ruwa a kai musu baki. Niyyar mai kyau ce, amma hannun da ba ya aiki ƙara mutuwa yake yi, gaɓoɓi kuma su sandare. A kai su wurin likitan gashi da wuri, a bar su su yi abin da za su iya da kansu.

Haka nan yayyenmu da cutar shan inna ta taɓa. A jihar Kano an ga na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a ƙaramar hukumar Sumaila a watan Yuli 2014, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ita. Amma waɗanda ta riga ta kama suna nan tare da mu. Tsokar da jijiyarta ta mutu ba ta dawowa yadda take, sai dai sauran tsokokin suna karɓar horo sosai. Duk wanda ya taɓa kallon masu buga ƙwallo da hannu a kan katako mai taya a Kano ya san irin ƙarfin damtse da juriyar da suke da su. Lucy Ejike, 'yar Najeriya da shan inna ta kama tun tana ƙarama, ta ci zinare a ɗaga nauyi a gasar nakasassu ta duniya a 2004 da 2008 da 2016.

Ga gargaɗi kuma. Kada wani ya karanta wannan ya je ya ɗaura wa ƙaninsa yashi alhali ƙashi bai gama haɗewa ba. Likita ne ke faɗin lokacin farawa da nauyin da za a ɗauka. Gajiyar tsoka ba laifi, amma zafi mai suka ko kumburi alama ce ta a dakata a koma asibiti. Idan kuma ɗauri ya matse har yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka daina ji, a garzaya asibiti a ranar, don jinkiri yana iya jawo asarar hannu ko ƙafa. Sannan tsoka tana son abinci mai gina jiki, kuma muna da shi a gida: wake, gyaɗa, awara, ƙwai, nono da kifin Tiga.

Muna roƙon malamanmu, idan ɗalibi ya dawo daga jinya a sassauta masa kan makara, a ba shi kujerar bakin ƙofa, a ba shi aikin da ya yi daidai da ƙarfinsa maimakon a ware shi gefe. 'Yan uwa ɗalibai, mu daina laƙaba wa mai ɗingishi suna, mu rage sauri mu jera da shi. Masu son kimiyya kuma su sani ana koyar da aikin gashi a Jami'ar Bayero ta Kano. Yankinmu yana buƙatar irin waɗannan likitoci a kusa, don kuɗin mota zuwa birni yana hana mutane da yawa kammala gashi. Wataƙila a cikin masu karanta wannan allo akwai wanda zai cike wannan giɓi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu jinya haƙuri, amin.

Daga 'yan aji biyu, ƙungiyar 'yan jarida