Sannu Da Zuwa Hajiya, Ba Mu Labari

Ki tuna ranar da kika je barka da sauka gidan wata hajiya. An shimfiɗa tabarmi, ana zagayawa da ɗan kofin Zamzam da dabino, yara na rigima a kan casbaha da zobe. Sai wata ta ce, "Hajiya ba mu labari mana." Ita kuma ta share ƙwalla ta ce, "Kayya, wurin nan ba ya faɗuwa, sai dai Allah Ya kai ku ku gani." Kowa ya ce amin, a watse. Na zauna a irin wannan zama ba adadi, ban taɓa jin akwai abin da ya rage ba, sai da tafiyar ta zo kan mahaifiyata.

A ƙarshen 2024 yayyena suka sayar da wata gona da mahaifinmu ya bari, suka haɗa da abin da Inna ta daɗe tana tarawa na kiwo da adashi, aka biya mata kujera a Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano. Kuɗin kujerar 2025 ya haura naira miliyan 8, ba maganar wani ya raka ta. Inna ta ba shekara 60 baya, tana da hawan jini, gwiwarta ta dama kuma ta daɗe tana damun ta. Tafiyarta mafi nisa daga Kabo ita ce Zariya. Ga shi a aikin Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya da kansu sun ce mutum 1,301 suka rasu, lokacin da zafin Makka ya kai digiri 51.8, duk da cewa mafi yawansu masu aikin ba da izini ba ne, marasa tanti da mota. Murna muke yi, amma ni barci ya fara yi mini wuya.

Ɓangaren ibada bai dame ni ba. Abin da na karanta ke nan a kwaleji, shi nake koya wa matan aure a Islamiyyarmu a nan Gwarzo, ga kuma bita da ake yi wa maniyyata. Na san rukunan Hajji, na san abin da ke wajabta fidiya da hadaya. Abin da ban sani ba shi ne yadda tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta kai kanta banɗaki a Mina da tsakar dare. Wannan babu shi a littattafan da na karanta, kuma ba tambayar da mace za ta ɗaga hannu ta yi a gaban maza ba ce. Sai na sayi littafin rubutu irin na ɗalibai, na ƙudurta zan bi hajiyoyin da na sani gida-gida.

Ta farko da na je wa, mace ce mai kirki, ta yi mini awa guda tana kuka tana kwatanta ganin Ka'aba. Na fito zuciyata cike da shauƙi, littafina babu ko layi ɗaya. Ta biyu kuwa akasin haka ce. Tun daga sansanin alhazai na Kano har dawowarta babu abin da ya yi mata daidai: abinci ba gishiri, abokan ɗaki ba tarbiyya, direba ba imani. Na lura wannan baiwar Allah ko bikin ƙanwarta ta je haka take ba da labari. Wanda komai ya yi masa daɗi da wanda komai ya ɓata masa rai, duk labarin halinsu suke ba ki, ba labarin hanya ba.

Ta uku ta koya mini wani abu ba tare da ta sani ba. Ta dage lallai Inna ta tafi da bargo mai kauri da safa, domin sanyin Muzdalifa ya kusa kashe ta. Har na rubuta, sai na tambaye ta wace shekara ta je. Ta ce Disambar 2006. To watan Zulhajji yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ita ta yi aikinta cikin hunturu, Inna kuwa a watan Yuni za ta tsaya Arfa. Haka ma wurin jifa, wata ta tsoratar da ni da turereniyar da ta gani, alhali bayan hatsarin Janairun 2006 an rushe tsohuwar gadar an gina mai hawa-hawa, yanzu kuma akwai lokacin da ake ware wa kowane ayari. Ba ƙarya suka yi ba, gaskiyarsu ce ta tsufa. Daga ranar tambayata ta farko ga kowace hajiya ita ce, yaushe kika je? Ta biyu, shekarunki nawa a lokacin, kuma yaya ƙafafunki suke? Domin yarinya 'yar shekara 30 in ta ce miki masaukinsu "nan da nan ne" da Harami, ki tambaye ta minti nawa, sannan ki ninka sau biyu.

Ina cikin wannan yawo wani ƙanen maigidana da ya yi karatu a Ingila ya ga littafin, ya yi dariya ya ce ai abin da Turawa ke yi ke nan. Wai masu hawa manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, waɗanda ake kwana da kwanaki a cikinsu, ba sa biyan kuɗi sai sun karanta abin da waɗanda suka riga su hawa suka rubuta. Kuma ba "jirgin ya yi kyau" suke nema ba. Suna son su ji wane ɗaki ne ƙarar inji ke hana barci, wane ne ya fi rage jiri, wato na tsakiyar jirgi a hawan ƙasa, minti nawa ake bin layin abinci, me aka ce kyauta ne sannan aka caje su. Na ce masa to su da shaƙatawa ma za su je. Ina ga mu da muke sayar da gona?

Maganarsa ta tuna mini da kakata ta wajen uba. Takan ba mu labarin kawunta da ya tafi Hajji ta ƙasa, ta Maiduguri da Chadi ya shiga Sudan, ya yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira ya tara guzuri, ya yada zango a Mai Wurno wurin Hausawa da Fulanin da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, sannan ya hau jirgin ruwa a Suwakin ya tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Shekaru ya yi bai dawo ba. Ta ce da ya dawo, masu niyya sukan kwana a zaurensa, kuma abin da suke tambaya shi ne inda rijiyoyi suke, garin da ake samun aiki, da inda mutum zai zauna a cikin jirgi don kada amai ya galabaitar da shi. Mutanen da ba su ɗauki wannan a matsayin rage darajar ibada ba. Ban san lokacin da muka fara ganin cewa faɗin wahalar hanya rashin godiya ne ba.

Wadda ta cika mini littafi gwaggona ce a Garo, wadda ta je a 2023 tana da shekaru kusan na Inna. Ko ruwa ban gama sha ba ta ce, "Ke 'yar nan, ajiye alƙalamin tukuna. Uwarki tana iya tafiyar awa guda ba ta zauna ba?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To nan za ki fara." Ta ce Safa da Marwa kaɗai kai da komowa bakwai kusan kilomita 3 ne, ban da ɗawafi, wanda in cunkoso ya tura mutum hawan sama zagayen yakan ninka. Ta ce a sa Inna tafiya kullum bayan asuba, da takalmin da za ta tafi da shi, ba sabo fil ba. Sannan ta shiga zayyano abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ba kunya ba ƙorafi. Layin banɗaki a Mina ya fi tsawo gab da kowace salla, don haka a je tsakanin salloli, a tafi da 'yar buta da leda. Kada ta ƙi shan ruwa don tsoron layin, nan tsofaffi da yawa ke faɗuwa. Ta kwanta nesa da bakin na'urar sanyaya tanti, in ba haka ba tari zai hana ta sakat. Maganin hawan jininta ya zauna a 'yar jakar wuya tare da katin Nusuk, wanda yanzu ba a shiga wuraren ibadar sai da shi, kada ya shiga babbar jaka. Ko ƙwayar goro ɗaya kada ta ɗauka, an hana. Ta haddace lambar ƙofar da ta shiga Harami, domin ƙofofin kama suke da juna, ta kuma sa silifas ɗinta a jaka maimakon ta bar su a bakin ƙofa.

Sai ta yi shiru, ta ce akwai abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. A Madina an sauke su a hawa na 9. Kwana biyu tana salla a ɗaki, tana ce wa abokan ɗakinta ba ta jin daɗi, alhali tsoron lif take yi, tana kuma jin kunyar a ce baƙauyiya ce. Kwana biyu a birnin Manzon Allah (SAW), ga masallacinsa tana hangowa ta taga. Ta ce, "Ki kai uwarki Kano ta hau abin nan kafin ta tafi." 'Yar uwa, a duk littafin nan babu layin da ya kai wannan tsada, kuma da kunya ta ci gaba da rufe bakin Gwaggo da ba mu same shi ba. Mun kai Inna wani dogon bene a Kano, ta hau ta sauka sau huɗu tana salati, a na biyar ita ta danna da kanta.

Ni ma na yi nawa kuskuren. Wata Juma'a na je Kabo na zaunar da Inna na karanta mata littafin tun daga farko har ƙarshe: zafi, layi, ɓata, faɗuwa. Ina gamawa ta ce, "Ashe haka abin yake? To ko yayanki zai karɓi kujerar, ni na haƙura." Jikina ya yi sanyi. Na tara mata wahalar mata 11 na ɗora mata a kai rana ɗaya, alhali babu ɗaya cikinsu da ta gamu da duka. Sai da na koma na ɗauko hajiyar farko, mai kukan nan da na raina labarinta, ta zo ta wuni da Inna. Ban san abin da suka tattauna ba, na dai tarar da su suna dariya, Inna na gwada hijabin ihraminta. Daga nan na riƙa ba ta abin kaɗan-kaɗan, kowace matsala tare da mafitarta. Na kuma nuna mata sauƙin da shari'a ta yi wa irinta: mai rauni yana iya wakilta wani ya yi masa jifa, ana iya yin ɗawafi a keken turawa, an kuma yi wa mata da raunana rangwamen barin Muzdalifa da dare. Kan waɗannan na ce ta ƙara tambayar malaman ayarinsu, domin akwai bayanin mazhaba a ciki da ya kamata ta ji daga bakinsu a can.

Inna ta tsaya Arfa ranar 5 ga Yunin 2025. Ta dawo ta rame, muryarta a dishe, amma da ƙafafunta ta sauko daga mota. Littafin bai hana komai ba. Babu wadda ta gaya mana labarin matattakalar nan mai tafiya da kanta, kuma a kanta Inna ta tsaya cak a Harami mutane na ture ta, sai wata 'yar Indunusiya da ba sa jin yaren juna ta kama hannunta suka hau tare. Ta kuma ɓata na kusan awa uku a Mina, domin tantunan duk farare ne iri ɗaya, mun rubuta lambar ƙofar Harami mun manta da lambar tanti. Katin wuyanta ne ya mayar da ita.

Ranar da aka cika gidanmu da 'yan barka, ina rabon dabino ina sauraro. Wata maƙwabciyarmu da 'ya'yanta ke shirin biya mata ta matso ta ce, "Hajiya ba mu labari." Inna ta share ido ta ce wurin nan ba ya faɗuwa. Na ce a raina shi ke nan, ita ma ta bi sahu. Can da mutane suka ragu sai na ji ta kira matar, ta jawo ta kusa da ita a kan darduma, ta ce da ni, "Ke, ɗauko littafin nan naki da biro, akwai abubuwa biyu da za ki ƙara." Sannan ta juya ga matar ta ce, "Yaya gwiwarki? Miƙe ki taka in gani."