Fam 240, Kuɗin Wuyana

Kusan wata uku na yi ba na iya waiwaye sai na juya jikina gaba ɗaya. Ranar da saƙon kamfanin inshora ya iso, na ga an rubuta fam 240. Na sake dubawa ko sifili ne ya ɓace. Bai ɓace ba.

Abin ya faru ne a hunturun 2023, a wata siririyar hanya tsakanin Boston da Spalding, yankin Lincolnshire na Ingila, ƙasar kabeji da dankali. Tarakta ta bar taɓo a kan kwalta, na rage gudu, wani manomi ya daki bayan motata da a-kori-kurarsa. Na fito ina salati, idona na neman jama'a. Ba kowa sai gonaki da iska. Mutumin ya tambaye ni ko na ji rauni, ya ɗauki hoton motocin, ya rubuta mini sunansa da na inshorarsa, ya kama gabansa. Haƙuri bai ba ni ba. Daga baya na fahimci kamfanonin inshora ne ke jan kunnen direbobi kada su amsa laifi a wurin. Da a gida ne, kafin magariba an zo jaje, dattawa sun ce ƙaddara ce, na ce na yafe, shi kuma ya ɗauki nauyin bakanike da mai ɗori.

Kuɗin nan doka ce ta yanka shi. Tun 31 ga Mayu, 2021, gwamnati ta tsara jadawalin farashin ciwon wuya irin na fizgar mota: wanda bai wuce wata uku ba fam 240, wanda ya kai shekara biyu fam 4,215. A 2025 an ɗan ɗaga, na ƙasan ya koma 275. Ciwo da farashi a rubuce, kamar buhun masara a Dawanau. In kuma raunin bai kai darajar fam 5,000 ba, wanda ya buge ka ba zai biya maka kuɗin lauya ba, sai dai ka shiga shafin intanet ka cike da kanka. Lauyoyin da ke tallar ba za su karɓi komai ba sai an yi nasara, suna iya yankar har kashi 25 cikin ɗari na abin da aka ba ka.

Wanda ke tuƙi a ƙauyukan Ingila ya riƙe wannan. Ka sa kyamara a gilashin gaba, domin a can ba shaidu, ba kyamarar titi, daga kai sai shi. Ka ɗauki hoton taɓon kafin ruwa ya wanke. Ka sauke manhajar what3words mai nuna ainihin inda kake, saboda motar asibiti ba ta san "bayan gonar kabeji" ba. In ba ku yi musayar suna da adireshi ba, awa 24 gare ka ka sanar da 'yan sanda. Ka ga likita ko da kana jin garau. Nawa wuyan sai washegari ya riƙe, kuma ba a biyan irin wannan ciwo sai da rahoton likita. Ka adana kowane rasit, na tasi, na magani, da takardar albashin ranakun da ba ka je aiki ba, domin lissafinsu daban ne, nan ma na fi samun abin kirki. Shekara uku ce wa'adin shigar da ƙara. In direban ya tsere ko ba shi da inshora, akwai Motor Insurers' Bureau, tun 1946 suke biyan irin waɗannan. Barewa kuwa ba ta da mai ita, in ta faɗo maka sai inshorarka in ta gaba ɗaya ce. In ka buge tunkiya, saniya ko kare, dole ka tsaya ka sanar. Kyanwa dokar ba ta ambace ta ba.

Wani lokaci ina alfahari da irin namu na gida. An dube ka, an ce maka sannu, an kawo kunu. A nan har na warke ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata. Sai in tuna wani ɗan uwana da ya karye a cinya a motar haya a kan hanyar Katsina, shekara guda bai yi noma ba, abin da ya samu "Allah ya kiyaye gaba". A nan da an lissafa masa har amfanin gonar da ya rasa. To, sai bakina ya mutu.

Duk da haka 240 ɗin na nan a raina. Da na faɗa wa Inna a waya, ta tambaya nawa ne a naira, na faɗa, ta ce, "Kai dai ka gode wa Allah. Shi mutumin ya zo ya gaishe ka?" Na ce bai zo ba. Kuɗin kuwa na sayi tayoyi biyu da su, na cika fam 30 daga aljihuna.