Ƙashi Ba Ya Jin Hausa

Kakana yana kwance a maƙabartar Tafo da ke Kumasi, kabarinsa babu allo babu rubutu. Yana saurayi ya baro ƙasar Kano tare da fataken goro, ya zauna a Zango har ƙarshen ransa. A 1969, da gwamnatin Busiya ta umarci baƙin da ba su da takarda su bar Ghana, mahaifina ya ce tsohon ya yi watanni bai taka kasuwa ba. Har gobe jikokinsa ba mu rabu da tambayar nan ba: “Asalinku ina ne?”

Wannan tambayar ce ta ja ni ga labarin wata maƙabarta a birnin Niyok na Amurka. A 1991, ana haƙa harsashin wani ginin gwamnati, aka ci karo da kaburburan baƙaƙen fata, bayi da ’yantattu, waɗanda aka binne a zamanin mulkin Turawan Ingila. An tono ƙasusuwan mutum 419, aka kai su Jami’ar Howard, inda masani Michael Blakey ya jagoranci nazarinsu.

Ashe ƙashi yana da bakin magana. Faɗin ƙashin ƙugu kan nuna mace ce ko namiji. Daga tsawon ƙashin cinya ake ƙiyasta tsayin mutum, haƙora da haɗewar kawunan ƙasusuwa kuma su ba da shekaru. A jikin mutanen Niyok an ga tabon aikin ƙarfi a inda tsoka take manne da ƙashi. An ga wasu da haƙoran da aka feƙe, al’adar da aka sani a sassan Afirka. Haƙori kuma yana adana sinadarin sitirontiyom na ruwa da abincin da mutum ya ci yana yaro, don haka yakan bambanta haifaffen gari da wanda aka kawo daga nesa.

Amma maganar ƙashi tana da iyaka. Idan ana neman asali, ana auna ƙoƙon kai ne a gwada shi da na mutanen da aka san tushensu, abin da za a samu kuwa ƙiyasi ne na yanki mai faɗi. Idan ana neman kamanni, mai sassaƙa yakan kafa ’yan turaku a kan kwafin ƙoƙon kai gwargwadon kaurin naman fuska, sannan ya shafe da yumɓu. Tsinin hanci da kunne guringuntsi ne, ƙasa ta riga ta cinye su. Leɓe da launin fata da gashi duk hasashe ne.

Da na karanta haka sai na tuna fuskar kakana. Zanen da wanzami ya yi masa a kumatu, wanda da shi ake gane shi tun daga nesa, a fata yake, ya tafi tare da ita. Da za a tono shi, Allah ya kiyaye, haƙoransa za su iya cewa ba a Kumasi ya yi ƙuruciya ba. Na mahaifina kuwa da ruwan Kumasi suka ginu, haka nawa. Babu awon da zai raba ƙoƙon kaina da na maƙwabcina Ba’asante ya ce wannan ne Bahaushe. Hausancinmu a baki yake, da gaisuwa, da tuwon da ake tuƙawa a gida, kuma ranar da muka daina miƙa wa yaranmu waɗannan, babu masanin da zai tono musu su daga ƙasa.

A 2003 aka mayar da mutanen Niyok makwancinsu, cikin akwatunan katako da aka sassaƙa a nan Ghana, ba tare da an san harshen da kowannensu ya yi addu’a da shi ba. Ni dai na san na kakana. Juma’ar nan zan kai ’ya’yana Tafo, in nuna musu wurin, in faɗa musu sunansa. Allah ya jiƙan magabatanmu.