Baba, Yaushe Za Mu Tafi Gombe?

A unguwar Nasarawo ta cikin garin Gombe akwai wani magidanci, ma'aikacin ofis, wanda shekarunsa ba su wuce 35 ba. Yana da ɗa mai shekara biyar wanda ya ci sunan kakansa, saboda haka ake kiransa Abba. Ran nan da almuru magidancin yana kishingiɗe bisa tabarma yana sauraron labarun rediyo, sai yaron ya ji an ce an yi wani taro a Gombe. Ya matso ya dafa gwiwar ubansa, ya ce, "Baba, mu yaushe za mu tafi Gombe?"

Mutanen gida suka fashe da dariya, amma ta uban ba ta yi nisa ba, don ya duba ya ga lalle yaron bai yi wauta ba. Tun da aka haife shi iyakarsa gida, da makarantar allo, da asibiti in zazzaɓi ya kama shi. Nasarawo ya sani, Gombe kuwa a wurinsa wani gari ne mai nisa da ake ambata a rediyo. Nan take uban ya yi masa alkawari, ya ce in Allah Ya kai mu Asabar ta sama zai kai shi. Ga shi kuwa alkawarin da aka yi wa yaro bashi ne wanda ba ya jin "sai gobe".

Daren nan ya ɗauko takarda da alƙalami ya jera wurare tara: fadar Sarki, da babban masallacin da ke kusa da ita, da tashar jirgin ƙasa, da kasuwar Tudun Hatsi, da babbar kasuwa, da filin wasa na Pantami, da Jami'ar Jihar Gombe wadda aka kafa a 2004, da duwatsun Liji, sa'an nan a rufe da madatsar ruwa ta Dadin Kowa. Kowane wuri ya yanka masa lokacinsa, kamar mai shirya wa baƙon gwamnati rangadi.

Da ya karanta wa uwargida, sai ta saurara har ya kai aya, kana ta ce, "Malam, wannan tafiya taka ce ko ta Abba? Yaron da in an je gidan suna a nan bayan layi sai an goyo shi a dawo, shi za ka zagaya da shi wuri tara? Kafin azahar zai yi barci a kafaɗarka, abin da zai tuna kuwa rana ce da ƙishirwa."

Ta ci gaba ta ce Dadin Kowa dai a cire ta tun yanzu, domin tafiya ce ta kusan kilomita 40 daga gari, ga ruwa mai zurfi, shi kuwa yaro in ya ga ruwa ba ya ganin haɗari. Hawan dutse ma a dakata sai ƙafarsa ta yi ƙwari. Magidancin ya so ya yi musu, amma da ya tuna ita ce take wuni da yaron, ta san lokacin yunwarsa da na barcinsa, sai ya ja layi a kan wurare biyu. Saura bakwai.

Kashegari ya shiga sashen mahaifinsa gaisuwa, ya nuna masa takardar. Tsohon ya haura shekara 70, yana ta fara rufe masa ido, saboda haka ya ce a karanta masa. Da aka gama ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, kun je ƙofar fada, takwarana ya ce wa ya kafa garin nan, me za ka ce masa?"

Ɗan ya ce, "Baffa, ai wannan sananne ne. Modibbo Buba Yero."

Tsohon ya yi murmushi, ya ce Modibbo Buba Yero dai shi ya kafa masarautar, shi ne ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo zamanin jihadin da aka fara a 1804, amma Gomben da ya zauna ita ce Gombe Abba, can ƙasar Dukku a bakin kogin Gongola. Bayan zuwan Turawa aka mai da hedkwata Nafada a 1913, kana a 1919 aka dawo da ita nan, wurin da a da ake kira Doma. Watau garin da suke zaune bai daɗe da cika shekara ɗari ba a matsayin mazaunin Sarki, babban birnin jiha kuwa ya zama ne ran 1 ga Oktoba 1996, sa'ad da aka cire Jihar Gombe daga Jihar Bauchi.

Magidancin ya sunkuyar da kai. Shi da ya yi shirin zama jagora, sai ga shi garin haihuwarsa ma bai san tushensa ba. Kullum yana ratsa titunan nan a kan babur zuwa wurin aiki, bai taɓa tsayawa ya tambayi dalilin da ya sa ake kiran wata unguwa BCGA ba. A ran nan ya ji cewa sunan kamfanin auduga ne na Ingila wanda ya kafa injin gurza a wurin, zamanin da auduga take ɗaukar nauyin ƙasar Gombe. Baffa da kansa ya yi dakon auduga a can yana saurayi. Haka kuma yana ɗan shekara goma jirgin ƙasa ya fara shigowa Gombe a 1963, kafin layin dogo ya kai Maiduguri a 1964, ya ce bai manta yadda yara suka watse da gudu ba da jirgin ya yi kuka.

Daga nan tsohon ya faɗi maganar da ta sauya shirin duka. Ya ce, "Ku tafi da ni, tun idon nan yana rarrabe gini da itace. Kai za ka nuna masa bango, ni kuwa na san abin da aka yi a bayan bangon."

Wannan magana ta tsaya wa ɗan a rai. Ya lura yanzu matafiya biyu gare shi masu ƙaramin ƙarfi, ɗaya ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba, ɗaya tasa ta gaji, abin da zai dace da ɗaya kuwa shi zai dace da ɗayan. Ya yaga takardar farko ya sake wata, wurare uku kacal: tashar jirgin ƙasa, da Tudun Hatsi, da ƙofar fada, a bi ta BCGA a kan hanya ba tare da an sauka ba.

Sauran shirin duk ya bi wannan ma'auni. An zaɓi Asabar, domin ran Juma'a wajen fada da masallaci yakan cika maƙil, lokacin hawan Salla kuwa ga dawaki ga turmutsutsu, ba wurin fara koya wa yaro gari ba ne. Da yake sanyin hunturu bai wuce ba, an tsai da shawara a fita da ƙarfe takwas a dawo kafin azahar. Da a watan Maris ko Afrilu ne, da zafin Gombe ya rage ko wannan ɗan lokacin. Magidancin ya yi ciniki da wani maƙwabcinsa mai keke Napep ya ɗauke su rabin wuni a kan kuɗi guda, don kada a riƙa tsayuwa bakin titi da tsoho da yaro. Uwargida ta tanadi gorar ruwa, da ƙosai, da hula, da rigar sanyi, ta kuma rubuta sunan unguwa da lambar wayar uban a 'yar takarda don a sa a aljihun Abba, ta yi ta bita da shi har ya haddace sunan ubansa cikakke.

An kuma yi wa kowane wuri tanadinsa. A Tudun Hatsi, inda manyan motoci suke lodin masara da wake zuwa sassan ƙasar nan, 'yan dako suna kai da kawowa da buhuna, yaron ba zai taka ƙasa ba, a wuyan ubansa zai zauna. A tashar jirgi, wadda yanzu ta yi shiru, za a nemi izinin masu gadi kafin a matsa kusa da dogo. A ƙofar fada kuwa Baffa ya ɗauki nauyin koya wa takwaransa yadda ake tuɓe takalmi a durƙusa a gai da dogarai, kuma ba za a ɗauki hoto ba sai an tambaya. Uban ya yi wa kansa sharaɗi guda: duk inda yaron ya tsaya kallo, ko da jaki ne ko mai gyaran taya, ba za a ja hannunsa ba, domin idon yaro yana da nasa abin sha'awa.

Ran Asabar tun kafin a kira sallar asuba Abba ya farka ya sa takalmansa, hagu a dama. Da hantsi ya fito aka kama wa Baffa hannu ya shiga keke da sandarsa, jikan ya zauna tsakaninsa da ubansa. Suna fita daga lungu suka hau kwalta, sai yaron ya ɗaga kai ya ce, "Kaka, mun iso Gombe?"

Tsohon ya ce, "Mun iso, takwara. Buɗe idonka."

Iyaye da yawa suna jiran sai sun tara kuɗin Kano ko Abuja kafin su fita da 'ya'yansu buɗe ido, alhali kuwa garin da suke ciki yaran ba su san shi ba, tsofaffin da suka san labarinsa kuma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake da ƙaramin yaro da tsoho a gida, ya haɗa su rabin wuni tun da sauran dama. Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.